Zaburar da Kwamfuta a Zafin Kano: Riba Ko Asara?

Duk wanda ke zama majalisar samari da maraice a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, musamman inda ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka fi yawa, ya san wata magana ta kutso cikin hirarmu ta sami gindin zama, watau maganar zaburar da kwamfuta. Abin nufi shi ne mutum ya shiga saitin injinsa ya tilasta wa furosesa, ƙwaƙwalwar nan da ke yin dukkan lissafin kwamfuta, ya yi gudu fiye da ƙa'idar da masana'anta ta yanka masa. Turawa na ce da abin obakulokin. Mu dai a wannan shafi zabura za mu kira shi, domin bai bambanta ba da abin da mahayi ke yi wa doki da ƙaimi, kuma kowa ya san abin da ke samun dokin da aka yi ta zabura da tsakar rana ba ruwa ba inuwa.

Ba mu ga laifin masu sha'awar abin ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi wa kanta daraja a watan Yunin wannan shekara, har dala ɗaya ta haye naira 1,500 a 2024, sabuwar kwamfuta ta zama abin kallo daga nesa ga ɗan talaka. Ɗalibin injiniya da ke kokawa da MATLAB, da na fannin zanen gine-gine da AutoCAD ke tsaya masa, da yaron da ke koyon tace fim a ofisoshin titin Gidan Zoo, da ƙaramin ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo da ya ci rance ya sayi inji don ya riƙa karɓar aikin zane bayan tashi daga ofis, duk buƙatarsu ɗaya ce: inji mai sauri a kuɗin da ba su kai ba. To, in aka ce wa irin waɗannan ga hanyar samun ƙarin gudu kyauta, ba kobo, wa zai ƙi saurare?

Ra'ayinmu shi ne gudun nan ba kyauta ba ne, kuma a Kano ya fi ko'ina tsada. Amma kafin a ce mun yanke hukunci ba shaida, bari mu warware yadda abin yake.

Furosesa yana aiki ne bisa bugun wani agogo da ke cikinsa. In aka ce gudunsa gigahaz 4 ne, ana nufin agogon na bugawa sau biliyan 4 a daƙiƙa guda. A yawancin injunan tebur na wannan zamani ana samun wannan adadi ne ta hanyar ninka wani tushe na megahaz 100 da wata lamba da ake kira ninki. Tushe 100 sau ninki 40 ya ba da megahaz 4,000, watau gigahaz 4. Mai zabura yakan ɗaga ninkin nan ne daga 40 zuwa 44 ko 46. Sai dai furosesa ba ya yarda ya ƙara gudu da irin abincin da ya saba. Sai an ƙara masa matsin wuta, watau boltej, in ba haka ba ya riƙa tuntuɓe cikin lissafi. A nan gizo ke saƙar. Wutar da furosesa ke sha, wadda kusan dukkanta zafi take komawa, tana hauhawa daidai da ƙarin gudu, amma ta fuskar boltej tana hauhawa ne da ninkin boltej ɗin a kansa. Ga misali a lissafe, kowa ya ɗauki alƙalami ya gwada. A ɗaga gudu daga gigahaz 4.0 zuwa 4.6, ƙarin kashi 15 cikin 100 ke nan. A ce don a samu haka sai da aka ɗaga boltej daga 1.20 zuwa 1.35. Ninkin boltej a kansa ya ba da ƙarin kusan kashi 27, in aka haɗa da na gudu, zafi ya ƙaru da kusan kashi 45 cikin 100. Ribar fa? Aikin da ke ɗaukar minti 60 ya dawo minti 52, shi ma in aikin ya dogara ga furosesa kaɗai. An sayi minti 8 da kusan rabin ƙarin zafi da wuta.

Daga ina abin ya samo farin jininsa? Akwai zamanin da zabura ta kasance riba ta haƙiƙa, ba za mu ƙi faɗa ba. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wani furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Masu wayo suka gano in aka ɗaga tushensa daga megahaz 66 zuwa 100, ninkinsa na 4.5 zai kai shi 450, watau ƙarin rabi cur, ya yi kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mafi tsada na lokacin. Haka kuma a 2011 Core i5-2500K, wanda aka yanka wa gigahaz 3.3, mutane da yawa sun kai shi 4.5 da fanka kawai. Waɗannan labaru su ne har yau ake ta juyawa a intanet, kuma su ne ke shiga kunnen ƙannenmu. Akwai ma wani gefe na tarihin da ya kamata ɗan Kano ya riƙe: ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka soma kulle ninki a ƙarshen shekarun 1990 shi ne 'yan damfara da ke goge lambar ƙaramin furosesa su rubuta ta babba, su zaburar da shi, su sayar wa wanda bai sani ba. Ashe tun fil azal zabura da ha'incin kasuwa maƙwabtan juna ne.

Yau kuwa al'amari ya sake. Tun 2008 Intel ya shigo da Turbo Boost, AMD kuma ya zo da Precision Boost tare da Ryzen a 2017. Ma'anarsu ita ce furosesa da kansa yana duba zafinsa da wutar da yake samu, ya ƙara gudu in ya ga hali, ya rage in ya ga babu. Watau masana'anta ta riga ta kwashe mafi yawan rarar da masu zabura ke farauta a da. Har ma ta kai ga wuce gona da iri. Core i9-13900K, wanda aka rubuta wa wat 125, yana da izinin shan wat 253 in ya taso da ƙarfi. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu daga cikin furosesoshinsa na tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman boltej fiye da kima har ya lalata su a hankali, ya fitar da gyaran manhaja a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara 2 a kan garantinsu. To, ya kai mai karatu, in kamfanin da ya ƙera abin, da dubban injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, ya yi kuskuren auna boltej, yaya kake gani game da ɗalibin da ya kalli bidiyon minti goma a YouTube ya shiga BIOS da ƙarfin zuciya?

Mu zo gida. Babban abin da masu ba da shawara a intanet ba sa faɗa, don bai dame su ba, shi ne zafin ɗakin da injin ke ciki. Fanka da ƙarfen zuƙe zafi ba sa ƙirƙirar sanyi. Iyakar aikinsu su kwashi zafi daga furosesa su miƙa wa iskar ɗaki. Saboda haka zafin furosesa kullum zafin ɗaki ne a tara da wani abu. Masu gwaji a Amurka da Jamus kan yi awonsu a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. A ce wata fanka na riƙe furosesa da tazarar digiri 60 sama da iskar ɗaki. A can, a ɗaki mai digiri 22, zai tsaya a 82, lafiya lau, har mai gwajin ya yaba mata. Kawo wannan fanka da wannan furosesa ɗakin haya mai rufin kwano a bayan titin Court Road cikin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Kano ke kai wa digiri 40, sai ka ga ya tsaya a 100. Digiri 100 kuwa shi ne iyakar da Intel ya yanka wa yawancin furosesoshinsa na tebur, AMD kuma ya yanka 95 ga yawancin Ryzen 7000. Da zarar an kai nan furosesa zai ja wa kansa linzami ya rage gudu don kada ya ƙone. Sai ka tarar da mutum ya rubuta 4.6 a saiti yana ta alfahari a majalisa, alhali injinsa da rana tsaka bai kai gudun da yake yi kafin a taɓa shi ba. Mun ga wannan da idonmu fiye da sau ɗaya, kuma mai injin bai yarda ba sai da aka buɗe masa HWiNFO ya ga lambobin suna sauka da kansu.

In bazara ta wuce da zafinta, damina ta zo ta wuce, sai hunturu ya zo da ƙurarsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na da sanyi, gaskiya ne, kuma lokacin ne mai zabura ke ganin kamar ya ci nasara. Amma ƙurar nan mai laushi kamar gari tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen zuƙe zafi ta daskare kamar bargo, musamman ga waɗanda tagoginsu ke kallon titin Zariya, inda ƙurar manyan motoci ke haɗuwa da ta sama. Kafin Maris ya kama, hanyar iska ta toshe, daidai lokacin da ake matuƙar buƙatarta. Saitin da ya zauna daram a Janairu shi ne zai riƙa kashe inji a Afrilu, mai shi kuwa ya ɗora laifin a kan bairos ko a kan mai gyara.

Game da zaɓen abin sanyaya, muna da ra'ayi mai tsauri. Mun ga yadda samari ke kwaɗayin na'urar sanyaya ta ruwa, mai bututu biyu da fitilu masu launi, domin ta fi kyau a hoto. Ita ma ruwan nata iskar ɗaki ce ke sanyaya shi, ba ta da wata ƙanƙara a ciki. Tana kuma da famfo wanda in ya tsaya furosesa kan kai iyaka cikin ɗan lokaci kaɗan, ruwan yana raguwa da shekaru, ragar tata ta fi saurin cushewa da ƙura. In kuwa ta hannu ce, ba wanda ya san shekarun da famfon ya yi yana juyawa a ƙasar da ta fito. Mu a ganinmu babban ƙarfe mai bututun tagulla da fanka mai faɗin milimita 120 ko 140, irin su Hyper 212 na Cooler Master ga mai ƙaramin ƙarfi ko NH-D15 na Noctua ga wanda Allah ya hore wa, shi ya dace da ƙasarmu. Abin da ke iya mutuwa a jikinsa fanka ce kawai, ita kuwa ana samunta a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, a sauya cikin minti biyar. Sai dai a auna faɗin akwati kafin a saya, don dogon ƙarfe ba ya shiga siririn akwati, a kuma tabbata ƙafafun ɗaurinsa sun dace da soket. Man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfe shi ma yana bushewa. Injin da ya shekara shida ko bakwai a wani ofis a Turai, goge tsohon man da shafa sabo kaɗai na iya sauke zafinsa fiye da yadda ake zato.

Yanzu ga maganar bod, babban allon da komai ke zaune a kansa, inda aka fi yin asarar kuɗi. Ƙa'idar Intel a fili take: ba ya buɗe ninki sai a furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, kuma a injunan gida sai an ɗora shi a bod mai harafin Z, kamar Z390 ko Z690 ko Z790. Bod mai H ko B zai ɗauki furosesan ya yi aiki, amma ƙofar ninki a rufe take. AMD ya fi sakin hannu, domin yawancin Ryzen a buɗe suke, kuma bod mai B ko X, kamar B450 ko B550 ko X570, ya isa. Mai harafin A ne ba a yi shi don haka ba. Sa'an nan ga rikicin soket, watau gurbin da furosesa ke zama. Zubi na 2 da na 3 na Intel suna zama a LGA1155, na 4 a LGA1150, na 10 da na 11 a LGA1200, na 12 zuwa na 14 a LGA1700. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne LGA1151: zubi na 6 da na 7 suna amfani da shi, na 8 da na 9 ma haka, furosesan zai zauna cikin gurbin daidai kamar an auna, amma bod ɗin wancan ba ya tayar da na wannan. AMD ya daɗe a kan AM4 kafin ya koma AM5 a 2022, sai dai ko a AM4 tsohon bod kan buƙaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane sabon furosesa. RAM ma haka: DDR3 da DDR4 da DDR5 ba mai shiga ramin wani.

Wani abokin karatunmu, wanda ba za mu ambaci sunansa ba don kada a riƙa tsokanarsa a ɗakin cin abinci, ya tara kuɗin aikin hutu ya je wani shago ya ce a haɗa masa injin da zai zabura. Mai shagon ya kawo masa furosesa mai K, ya nuna masa harafin da yatsa, ya caje shi kuɗin harafin, kana ya ɗora shi a bod mai H. Sati biyu bawan Allah yana laluben inda ake ɗaga ninki a BIOS, har ya soma zargin idonsa. Da ya koma, sai aka ce masa ai shi furosesa ya tambaya, bai tambayi bod ba. Ba mu ce mai shagon ya yi da gangan ba. Mai yiwuwa shi ma iyakar saninsa ke nan. Amma kuɗin dai sun tafi, kuma da ya san haka da ya sayi furosesa maras K ya ƙara RAM da ragowar.

Har ila yau, mafi yawan kwamfutocin tebur da ke hannunmu ba ma a wannan sahu suke ba. Injunan ofis ne na hannu, tokumbo, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda kamfanonin ƙetare suka gama mora suka sallama, suka biyo ta Legas suka iso mana. An ƙera su ne don ofis: BIOS ɗinsu ba shi da ƙofar zabura, akwatin wutarsu ƙarami ne daidai buƙata, sau da yawa ma filoginsa na musamman ne wanda ba ya shiga wani bod. Duk wanda ya ce zai zaburar maka da irin wannan inji a kan wani kuɗi, riƙe kuɗinka. Wannan ba aibi ba ne gare su. Dalilin da ya sa suke shekara goma suna aiki cikin zafi da ƙura shi ne ba a taɓa matsa musu ba.

Ko an dace da harafi da soket, akwai wani sashe na bod da ba a cika dubawa ba, watau jerin ƙananan na'urori da ke kewaye da soket, waɗanda ke karɓar bolt 12 daga akwatin wuta su sauke shi zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da furosesa ke sha. Masu sana'a na kiransu VRM. Duk ƙarin wutar da zabura ta jawo ta cikinsu take bi, su ma suna zafi. Bod mai araha yakan zo da su kaɗan kuma tsirara, ba ƙarfen sanyaya a kansu. A ɗaki mai digiri 40 su ne kan fara gajiya kafin furosesa. In za a sayi bod, a leƙa gefen soket a gani ko akwai ƙarfe a kansu. Wannan duban na daƙiƙa biyar ya fi karanta duk rubutun da ke jikin kwali.

Sai maganar wuta, wadda ba sai mun yi dogon bayani ga mazaunin Kano ba. Zabura na buƙatar wuta tsayayya, mu kuwa tamu takan zo ƙasa-ƙasa, ta ɗauke ba sallama, ta dawo da ƙarfi, a tsakani a tayar da ƙaramin janareto mai hawa da sauka. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da Kano da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Wanda ke sabunta BIOS aka ɗauke wuta a tsakiya yana iya wayar gari da bod matacce. Kuɗin ma abin lissafi ne. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin A naira 225 kowane yunit. A ce zabura ta ƙara wa inji wat 60, ana aiki awa 8 kullum. A wata yunit 14.4 ke nan, watau naira 3,240 a wancan farashi, a kan ribar minti 8 cikin awa. Mai sola kuwa tasa ta fi ciwo. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da kimanin yunit 2.4, kuma in irin na dalma ne rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Injin da ke shan wat 150 zai yi awa 8 a kan wannan rabi, wanda ke shan 210 ba zai cika awa 6 ba, ban da abin da inbata ke ci. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri da dare ya gaya mana wanne ya fi masa amfani, ƙarin gudu ko ƙarin awa biyu.

Akwai kuma haɗarin da ya fi duk waɗannan damunmu a matsayinmu na masu neman ilmi. Injin da aka zabura fiye da ƙarfinsa ba kullum yake mutuwa ko ya nuna shuɗin allo ba. Wani lokaci yakan ci gaba da aiki kamar lafiya, amma jefi-jefi ya yi kuskure a lissafi, ko ya ɓata fayil yayin ajiyewa. Mai wasan ƙwallo a kwamfuta ba abin da ya rasa in hakan ta faru. Amma wanda ke lissafin nauyin da ginshiƙin bene zai ɗauka, ko mai tantance alƙaluman bincike, ko ma'aikacin da ya kawo jadawalin albashi gida don ya ƙarasa, kuskure ɗaya da bai gani ba ya isa. Garanti kuma babu: kamfanonin biyu sun bayyana cewa lalacewar da zabura ta jawo ba ta cikin alkawarinsu, Intel ma ya daina sayar da inshorar da yake yi wa masu zabura tun 2021. Mu da ke sayen na hannu, garantinmu dama bai wuce 'yan kwanakin gwaji da mai shago ya ga dama ya bayar ba.

To, mai 'yan kuɗi a hannu da ke son injinsa ya yi sauri, me zai yi? A yawancin injunan da muka buɗe, furosesa ba shi ne gurgun ba. Tsohon faifai mai juyawa shi ke riƙe komai. Sauya shi da SSD kan sa inji ya zama kamar sabo, bambancin da ba zaburar da za ta kawo shi. Bayan wannan sai RAM, a kai shi gigabait 16 in hali ya yi, kuma a sa sanda biyu masu kama da juna maimakon ɗaya, domin hanya biyu ta fi ɗaya ɗaukar kaya. Sa'an nan akwatin wuta na kirki da sitabilaiza da UPS, ko da ƙarami ne wanda zai ba da minti biyar a ajiye aiki. Wanda kuma zai sayi na hannu ya tuna Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana neman Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da TPM 2.0. Ofisoshin Turai sun sami dalilin zubar da injunan da suka gaza wannan sharaɗi, mun kuwa san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Tsohon i7 mai K na zubi na 4, komai zaburar da aka yi masa, ba zai tsallake wannan shinge ba.

Abin da ma ya fi dacewa da mu shi ne kishiyar zabura, watau rage boltej. Tun da zafi na bin ninkin boltej a kansa, ɗan ragi kaɗan kan sauke zafi sosai ba tare da an rasa gudu ba, wani lokaci ma gudun ya ƙaru don furosesa ya daina jan linzami. AMD ya tanadi Eco Mode da Curve Optimizer don wannan, a ɓangaren Intel kuma ana iya ƙayyade iyakar wat a BIOS na yawancin bod ɗin da ake haɗawa da hannu. Ilmin ɗaya ne, ƙofar ɗaya ce, alkiblar ce ta bambanta. Ba dai a cika yin bidiyonsa ba ne, don ba wanda ke burge majalisa da cewa injinsa ya yi sanyi.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce a guji sanin abin ba. A watan Disamban 2022 wasu gwanaye sun haye gigahaz 9 da Core i9-13900K ta hanyar kwarara masa ruwan hiliyam, iskar da ba ta zama ruwa sai a sanyin da ya kusa digiri 269 ƙasa da sifiri. Wasa ne irin na tseren motoci, ba mai zuwa kasuwa da irin wannan mota, amma akwai ilmi a ciki. Ɗalibin da ya zauna ya ɗaga ninki mataki ɗaya, ya gwada da Prime95 na awoyi, ya rubuta zafi da boltej a takarda, ya sake ɗagawa har ya ga inda injin ya soma tuntuɓe, ya koyi abin da lacca uku a kan lantarki ba za su koya masa ba. Ƙorafinmu shi ne a yi wannan karatu a kan injin da aka saya da rance, wanda kundin digiri da abincin gida suka rataya a kansa. Kuma muna ganin abin kunya ne a ce garin da ke da dubban samari masu buɗe waya su ɗaga ƙananan na'urorinta da iska mai zafi a Farm Centre, har yau awon ɗakin Bajamushe muke dogara da shi wajen sanin fankar da za ta riƙe inji a Tarauni.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da ta nemi sashen injiniyan lantarki da na ilmin kwamfuta su ware ɗaki guda da tsofaffin injuna uku ko huɗu daga cikin waɗanda ke jibge a sito, a ƙara da bod ɗaya mai Z da ɗaya mai B, da ma'aunin wat, da ma'aunin zafin ɗaki. A buɗe shi ga kowane ɗalibi, a kuma gayyaci masu gyara daga titin Beirut da Farm Centre su zo su koyar su kuma koya. A yi awo sau biyu a shekara, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, da fankoki iri ɗaya da saiti iri ɗaya, tagogi a buɗe ba na'urar sanyaya ɗaki, a buga sakamakon a wannan mujalla da Hausa, a kuma manna kwafi a allon sanarwa don ma'aikatan da ke zuwa karatun yamma su gani. Mu da muka rubuta wannan mun ɗauki nauyin kawo man shafawa da burushin share ƙura, kuma za mu gabatar da takardar buƙatar a zaman Majalisa mai zuwa.